Yadda Bijimin Maraɗi Ya Zama Ajiyar Gwamnati a Gidana

Ku zauna in warware muku maganar bijimin nan, don na gaji da jin ta a bakin mutanen da ko ganye ɗaya ba su taɓa miƙa masa ba. Ranar sunan ɗan 'yar'uwarku Asabe ina zaune a ƙofar gida, wani tsoho da haƙoransa ba su kai biyar ba ya nuna ni da sanda, yana gaya wa jikokina wai ni ne ma'ajin da ya cinye bijimin jam'iyya shi kaɗai, har da ƙaho. Yaran suka yi ta kallon cikina. Uwarku Talatu da za ta tsaya mini shaida ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙanta, shi ya sa na ce a kawo mini takarda da biro. Abin da zan faɗa gaskiya ne. Inda kuka ga na ɗan ƙara gishiri, kun san halina, ku rage kashi ɗaya cikin goma, kada ku wuce haka.

Shekarar zaɓen tamanin da uku ne. Ina aiki a masaƙa a Kakuri, sashen rini, kullum hannuwana da kalar atamfar da aka buga ranar. Muna haya ciki da falo a Makera, gidan iyali goma sha ɗaya da famfo guda mai zuwa in ya ga dama. Dukiyata a duniya biyu ce: jan babur da na saya da kuɗin adashi, da bakina. Bakin ne ya sa ake ce mini Garba Rediyo, shi ne kuma ya kai ni siyasa. Sunan jam'iyyar ba zan faɗa ba, wasu na raye kuma suna da 'ya'ya lauyoyi. Ɗan takararmu na majalisar jiha Alhaji Mamman Mai Kwano ne, mai sayar da kwanon rufi a bakin titi. Ba ɗan takara kawai ba ne a wurina. Shi ya karɓa mini auren uwarku lokacin da ba ni da kowa a Kaduna, shi ya rufa mini asiri ranar da aka haifi babbanku. Da ya ce in zama ma'ajin reshe, ban yi gardama ba. Kowa ma ya yarda da ni nan take, don abin da ke asusun tuta biyu ne da lasifika ɗaya mai tari, ba abin da mutum zai gudu da shi. Aka kawo wata takarda ta Turanci aka ce in sa hannu, na dangwara, har da lanƙwasa irin ta manya.

Wanda ya kawo takardar Mista Bulus ne, sakatarenmu, mutumin kudancin Kaduna mai zama a Barnawa. Ya tsufa yana masinja a kotu kafin ya yi ritaya, kuma duk shari'ar da aka yi a gabansa ta zauna masa a kai. Cif Joji muke ce masa. Kullum da ɗan littafin doka a aljihun kwat ɗinsa, nannaɗe cikin leda kamar laya. In ka ce masa ina kwana, sai ya yi tunani kafin ya amsa, kada a kama shi da magana.

Wata Laraba da hantsi sai ga gingimari ta tsaya a ƙofar shagon Alhaji. Ƙanin matarsa, dillalin shanu a Maraɗi, ya aiko da gudummawa ga jam'iyya: bijimi ja, tozonsa kamar an ɗora masa buhun gero, ƙahonsa kuwa mutum biyu sa shanya wanki a kai ba tare da sun yi faɗa ba. Murna ta kama mu. Nan take aka yanke shawara a ajiye shi sai babban taron da za mu yi nan da kwana ashirin, a yanka, kowa ya ci ya tuna da mu ranar ƙuri'a. Sai aka zo kan inda za a ɗaure shi. Mista Bulus ya ce kayan jam'iyya a hannun ma'aji suke zama. Ni kuwa daɗi ya cika ni, yau asusu ya yi nauyi. Na ja igiya har tsakar gidan haya.

Uwarku tana tankaɗe. Ta ɗago kai ta dubi bijimin, ta dube ni.

"Malam, baƙo muka yi?"

"Dukiyar jam'iyya ce. Kwana ashirin kawai."

"To. A ɗaki zai kwana ko kai za ka koma waje?"

Na ɗaure shi a gindin mangwaron tsakar gida. Kafin magariba ya cinye tabarmar maƙwabcinmu da rabin sabulun wankin matarsa.

Yanzu ga inda na jawo wa kaina. Washegari na ɗaura lasifika a kan babur, na shiga gari. Makera, Kakuri, Tirkaniya, har ƙofar masaƙa lokacin tashin ma'aikata. Ina cewa jama'a ku saurara, sunan Alhaji Mamman ya tsallake boda. Ƙasashen waje sun ji labari sun aiko da gudummawa. Bijimi ne daga ƙasar waje, da fasfo ɗinsa, kukansa ma ba irin na shanun nan ba ne. Kowa ya wanke kwanonsa ya zo ranar taro. Kwana uku ina wannan shela, kullum bijimin yana ƙara girma a bakina. A rana ta uku na ce jirgin ƙasa ne ya ɗauko shi, tarago biyu.

Rana ta huɗu da safe sai ga Mista Bulus a kan kekensa, ya manta hularsa a gida, abin da ban taɓa gani ba. Bai ko gaishe da uwarku ba. Ya zare ledar littafin.

"Garba, takardar da ka sa wa hannu, ka karanta?"

"Cif Joji, ai kai ne karatunmu."

"Ta ce duk abin da ya shigo wa jam'iyya a reshen nan, kai za ka amsa. Doka kuma ta ce kuɗi ko kadara, in daga wajen ƙasar nan aka aiko wa jam'iyya, ba ta da ikon riƙewa. Sai a miƙa wa hukumar zaɓe cikin kwana ashirin da ɗaya."

"Wace ƙasar waje? Maraɗi ce fa. Ga ta nan bayan Katsina. Goggona can take aure."

"Goggonka ma a ƙasar waje take aure."

"To wa ya san daga can ya fito?"

Ya cire tabarau ya dube ni.

"Wa ya sani? Jarirai ma sun sani. Yaran ɗaya jam'iyyar sun bi ka da rikoda, muryarka na cikin kaset, har wurin fasfo. Jira kawai suke a sa wuƙa su kai ƙara. Kuma ba bijimin za a ɗaure ba."

Tun daga ranar abinci ya daina shiga. Ni da ko ofishin 'yan sanda ban taɓa shiga ba sai neman ɓataccen keke, ga ni ana lissafa mini gidan yari saboda dabbar da ke kallona tana tuƙa. Na ce a nemi mafita, dole akwai wanda ya san kan abin. Muka fara da babban ofishin jam'iyya na jiha. Sau uku muna zuwa, kullum oga ya tafi Legas. Wani mai kwat ya saurare mu har ƙarshe yana gyaɗa kai, na ce yau an dace, sai ya tambaye mu wace rana ce yankan, a ajiye masa tozo. Daga nan na je wurin limamin unguwarmu. Ya ce kyauta halal ce, amma sa hannu alkawari ne, alkawari kuma amana, in je in yi abin da zai bar ni in yi barci. Ya ƙara da cewa in dai an yanka, shi haƙoransa hanta suke iyawa. Sai na ɗauko Sarkin Pawa Ɗanlami na kasuwar Kakuri, ko zai gano mana cewa bijimin ɗan ƙasa ne. Ya zagaya shi, ya buɗe bakinsa, ya ɗaga wutsiya.

"Ma'aji, shanu ba su san boda ba. Uwarsa tana iya haihuwarsa a Jibiya ta tsallaka da shi da damina. In za a ba ni kai da ƙafa, ni zan tsaya gaban kowa in ce na san kakarsa, 'yar Funtuwa ce."

Mista Bulus ya ce shaidar zur shekarunta sun fi na bijimin yawa. Aka bar wannan.

Kwana na tafiya, na tattara ƙarfin hali na sami Alhaji a shago. Ya saurare ni yana ɓare goro.

"Garba, naman da ya shiga cikin mutum dubu, wa zai je ya tambayo shi?"

"Ni za a tambaya, Alhaji. Hannuna ne a takarda."

"In mun ci zaɓe wa ya isa ya taɓa ka?"

"In an faɗi fa?"

Da na san yadda kalmar za ta sauka, da na haɗiye ta. Ya ajiye goron, ya ce ashe tun yanzu ma'ajinsa ya fara yi masa fatan faɗuwa. Na ce a sayi wani mana a Zango, ɗan gida. Ya ce kuɗin da ya rage duk ya tafi wurin fosta da hayar motoci, kuma ni na yi wa mutane alkawarin bijimin ƙasar waje, in aka kawo musu wani ramamme za su ce ƙarya muka fara tun ba mu hau ba. Ya ce ranar taro da asuba zai turo mahauta, in buɗe musu ƙofa.

Na koma gida na zauna a kan turmi, ni da bijimi muna kallon juna. Uwarku tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba ta ce:

"Malam, ni dai ban san hanyar gidan yari ba, kuma da goyo da tsohon ciki ba zan iya kai tuwo kullum ba. Alhaji yana da kwanon sayarwa ko ya ci ko ya faɗi. Mu kai muke da shi. Ka je ka ba su abinsu, in samu wurin shanya."

Ana gobe taro, bayan sallar asuba, ni da Mista Bulus muka kwance igiya. Shi ya sa kwat da nakataye, wai za a shiga ofishin gwamnati. Ofishin zaɓe kuwa yana tsallaken kogi, ba hanya sai gada. Bijimin ya yi tafiyarsa lafiya har tsakiyar gadar, sai ya leƙa ya ga ruwa, ya ce nan ya ga wurin zama. Ya gurfana. Motoci suka jeru, ni dai a ganina har Zariya. Direbobi na zagi da harshe bakwai, ɗan sanda na busa usur a kunnen dabbar da ba ta san hukuma ba, Mista Bulus na tura ta baya da kwat ɗinsa yana cewa a yi haƙuri, aikin doka ne. Wata mai tallar ayaba ce ta cece mu. Ta wuce da farantinta, ya miƙe ya bi ta. Na sayi ayabar duka, da ita muka ja shi har ƙofar ofis.

Aka kai mu gaban wata Madam Rifkatu, mai kula da harkar jam'iyyu. Mace mai natsuwa, tabarau a kan hanci. Mista Bulus ya yi bayani da Turancin kotu, ta ce ya sauko Hausa don a gama da wuri. Ta leƙa taga, ta ga bijimin yana cin furannin ofis. Ta juyo gare mu.

"Tun da na fara aikin nan ba wanda ya taɓa kawo ko sisi daga waje ya ce ga shi. Ku ne na farko. Kuma da abin da kuka zo ke nan."

Ta jawo fom. Akwai layin tsabar kuɗi, akwai na ceki, akwai na gida da fili, akwai na mota. Ta juya bayan takardar, ba komai.

"Madam, a sa shi a layin mota mana," na ce. "Ƙafa huɗu ne, kuma yanzu ya tare gada."

Ba ta yi dariya ba, amma na ga kafaɗarta ta motsa. Ta ɗaga tarho don ta tambayi Legas, tarhon ya mutu tun makon jiya. Ta shiga wurin ogansu, ta fito. Ta ce doka ta ce a karɓa, saboda haka ta karɓa. Aka buga takarda a tafireta, kwafi uku, cewa hukuma ta karɓi bijimi ɗaya, ja, mai rai, daga hannun ma'aji Garba a cikin wa'adi. Ta buga hatimi. Wallahi sai na ji kamar an sauke mini buhun siminti daga ka. Na yi godiya har ƙasa, na juya zan tafi.

"Malam Garba, ina za ka? Ka manta kayanka."

"Ai ya zama naku, Madam."

"Namu ne. Amma ka ga garke a nan? Sitonmu akwatunan ƙuri'a ne a ciki. Zan rubuta Legas su faɗi yadda za a yi da shi. Kafin su amsa, hukuma ta naɗa ka mai ajiya. Sa hannu a nan."

Na dubi Mista Bulus. Ya karanta, ya gyaɗa kai, ya ce daidai ne bisa tsari. Sharuɗɗan huɗu ne: ba yanka, ba sayarwa, ba ba da aro, kuma kada ya rame. Na tambayi kuɗin abincinsa, ta ce shi ma za ta sa a cikin wasiƙar. Na sake dangwara hannu, wannan karon ba lanƙwasa. Muka sayi wata ayabar, muka sake tsallaka gada.

Uwarku tana shanya a gindin mangwaro, har da 'yar waƙarta, sai ga mu.

"Ba su nan ne?"

"Suna nan. Sun karɓa. Yanzu na gwamnati ne."

"To me ya dawo yi?"

"Nan aka turo shi aiki."

Washegari da asuba mahautan Alhaji suka zo da wuƙaƙe, na nuna musu hatimi ta ƙasan ƙofa, suka koma. Ranar taro kuwa ba na son tunawa. Filin ya cika, kowa da kwanonsa, wata tsohuwa daga Tirkaniya har da bokiti. Abin da aka samu aka raba gyaɗa ce da ruwan lemo. Gidanmu bai da nisa da filin, kuma daidai lokacin da Alhaji ya karɓi lasifika yana cewa shi mutum ne mai cika alkawari, sai bijimin ya saki kuka daga tsakar gida, kowa ya ji. Mutane suka fara buga kwanoni. Ni ina ɗaki a kulle, uwarku na gaya wa masu zuwa nemana wai na tafi Kafanchan ta'aziyya. Aka yi zaɓe, Alhaji ya faɗi. Ni a raina na san ko raƙumi aka yanka da wuya ya ci, amma shi har ya koma ga Allah ya yarda ni na kayar da shi. Bai zage ni ba, bai kai ni ƙara wurin kowa ba. Kawai in na gaishe shi sai ya ɗaga hannu yana kallon wani wuri. Mutumin da ya karɓa mini aure. Da aka haifi Asabe na aika masa goron suna, bai zo ba. Wannan ya fi mini ciwo a kan duk abin da ya biyo baya, kuma ba wasa a cikin wannan layin.

Kwamiti ya zauna ya tsige ni daga ma'aji. Suka zo suka karɓi tuta biyu da lasifika. Na ce ga bijimi ma, suka ce a'a, wannan tsakanina da gwamnati ne.

Kun san abin da bijimi ke ci? Ni ma da ban sani ba. Dusa, harawa, ƙaiƙayi, kanwa, ga kuma lokacin tsuke bakin aljihu, ko madara sai an yi layi. 'Yan gidan haya suka raɗa masa suna Kwamishina, wai yana zaune a inuwa talaka na ciyar da shi. Mai gidan ya ƙara mini haya, ya ce yanzu magidanta biyu ne, ni da bijimi. Wata uku ban kai ba na sayar da babur. Na koma zuwa masaƙa a ƙafa, in dawo da damin ciyawa a ka, yara na bina suna cewa ga ɗan aiken Kwamishina. Duk ƙarshen wata in tsallaka wurin Madam Rifkatu, tun daga nesa take girgiza mini kai: Legas ba ta amsa ba. Sau ɗaya ma ta ba ni kuɗin dusa daga jakarta, ta ce kada in gaya wa kowa.

Ƙarshen shekara sai soja suka karɓi mulki. Aka rushe jam'iyyu, aka rushe hukumar zaɓe ita ma. Wato jam'iyyar da aka ba shi babu, hukumar da ta karɓe shi babu, shi kuwa yana nan yana cin harawa. Ba a jima ba aka yi sanarwa duk wanda ya riƙe ma'ajin jam'iyya ya kai kansa da bayanin kayan da ke hannunsa. Wanda ya gaje ni ya ce shi tuta kawai ya sani, ya ba da sunana. Uwarku ta haɗa mini 'yar jaka da bargo, ko da ba zan dawo ba. Mista Bulus ya sa kwat. Muka ja Kwamishina zuwa barikin soja.

Da muka isa, na ga manyan da da muke hango su cikin mota, zaune a ƙasa ba hula. Ana tambayar wannan ina motoci shida, yana cewa suna wurin gyara. Ana tambayar wancan ina kuɗin gini, yana ta tari. Duk wanda aka gama da shi sai a nuna masa bayan wata mota mai waya a taga. Na ƙanƙame 'yar jakata. Aka kira sunana gaban wani kyaftin, saurayi, fuska ba annuri.

"Kai ne aka ce an ba jam'iyyarku bijimi ya ɓace a hannunka?"

"Bai ɓace ba, ranka ya daɗe. Ga shi can yana cin shingenku."

Ya tashi ya leƙa. Ya dawo. Mista Bulus ya miƙa takarda da hannu biyu. Kyaftin ya karanta, ya sake karantawa, ya kira wani ya nuna masa.

"Tun safe nake neman kayan da suka rage, kai ka zo da wanda ya ƙaru. Da me kake ciyar da shi?"

"Da babur ɗina, ranka ya daɗe. Ya kusa gamawa da shi."

Nan ya yi dariya, har sojan ƙofa ya leƙo. Ya ce ba ni da laifi, in tafi gida. Na yi godiya. Sai wayo ya zo mini, na ce tunda yanzu su ne gwamnati, ga kayansu nan, a nuna mini inda zan ɗaure.

"Takardar nan ta ce ka riƙe sai Legas ta amsa."

"Ranka ya daɗe, ai waɗanda za su amsa an rushe su."

"Su aka rushe. Ban ga inda aka rushe takarda ba."

Ya ɗauko nasa hatimin ya buga a ƙarƙashin na Madam. Mista Bulus ya raɗa mini cewa bisa tsari yana da gaskiya. Ranar ce kaɗai na taɓa jin kamar in mari dattijo.

Haka muka zauna da Kwamishina shekara uku. Ya saba da mu, mu ma mun saba. Asabe a jikinsa ta koyi tsayuwa. Rannan ina masaƙa aikin safe, ashe ya haɗiyi abin da ya fi ƙarfinsa, ciki ya kumbura, ya kwanta yana nishi. Uwarku ba ta aika a kira ni ba, don ta san zan ce a jira Legas. Sarkin Pawa ta kira. Ina dawowa da la'asar na tarar da tsakar gida fes, an wanke jini, gida na ƙamshi, layin mata da kwanoni har bakin titi. Na tsaya da damin ciyawa a ka.

"Talatu, kin san abin da kika yi? Hatimi biyu ne a kan dabbar nan."

"Na sani. Ba zan zuba ido naman shekara uku ya mutu mushe a gabana ba. Ba ni na sa hannu ba, Malam. In gwamnati na da magana, ta zo ta same ni, ina nan gindin murhu."

Ba ta sayar da ko tsoka ba. Duk unguwa ta raba, har waɗanda suka buga mini kwano ranar taro, har liman da hantarsa. Cinya guda ta ɗora a tire ta aika gidan Alhaji. Tiren ya dawo a wanke, da goro biyu a kai, ba saƙo. Iyakar abin da ya sake shiga tsakaninmu ke nan, na kuwa karɓa. Tsohon nan da haƙoransa ba su kai biyar ba, lokacin da talatin da biyu yake da su, sau biyu ya shiga layi. Ni ban ci ba, don kayan gwamnati ne kuma ni ne mai ajiya. Romo kawai na sha, da 'yar ƙoda, da abin da uwarku ta rantse sai na ɗanɗana, kamar kwano biyu.

Mako guda ina jiran motar soja, ba wanda ya zo. Mista Bulus ya zauna ya rubuta rahoto shafi huɗu zuwa Legas, ya bayyana cewa ajiya ta rasu a bakin aiki, kuma abin da ya rage na hannun mai ajiya har sai an ba da umarni. Shi ma ba a amsa ba. Kafin ya rasu ya kira ni ya ce magana ba ta rufu ba tunda ba a amsa ba, kada in yi sakaci.

To ban yi ba. Ku duba ƙarƙashin gadona, akwai adaka mai kwaɗo. Fatar na ciki a jeme, da ƙaho biyu, da takardar mai hatimi biyu cikin leda. Ofisoshin sun bar Legas sun koma Abuja tuntuni, amma wasiƙar gwamnati ba ta mutuwa, tafiya take a hankali. In ta iso bayan raina, ku ba su kayansu cif, ku karɓi rasit. In kuwa mai karɓar ya miƙo muku biro ya ce ku riƙe musu na ɗan lokaci kafin a ji daga sama, ku tura masa adakar waje ku sa sakata.